Ɓarauniyar Varali

Shekarata goma sha ɗaya lokacin da Appa, wato mahaifina, ya kai ni gidan Avayam Mami a Kumbakonam. Appa maƙerin fitilun tagulla ne a Nachiyarkoil, bai san kan waƙa ba ko kaɗan. Gajiya ya yi da mutane suna tare shi a hanya suna cewa 'yarsa Kanakam tana da murya, kada ya bari hayaƙin maƙera ya cinye ta. Ranar ya ɗaura farin zanensa na zuwa biki, ya naɗe fitila ɗaya mai baki biyar a tsohuwar jarida, muka hau bas.

Mami ta karɓi fitilar, ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta kara a kunne tana sauraron ƙarar har ta mutu. Sannan ta dube ni.

"Fitila ta ci jarrabawa. Saura ke. Buɗe baki mu ji."

Na rera abin da nake ji a rediyo. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Murya akwai. Hankali ne ban gani ba tukuna. Ta riƙa zuwa da bas ɗin ƙarfe bakwai, in mun gama ta wuce makaranta."

Haka na shiga hannunta. Gajeriyar mace ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana aiki a Bombay. Da ƙuruciyarta babu haikalin da ba ta yi waƙa a cikinsa ba tsakanin Thanjavur da bakin teku, amma lokacin da na san ta ta bar hawa dandamali, sai koyarwa. Mukan zauna a tabarma a tsakar gida, mu biyar ko shida, ita tana jingine da ginshiƙi, tanpura a kafaɗarta tana kaɗa tsirkiyoyinta huɗu don ta riƙe mana murya. Matakai bakwai ne murya ke takawa daga ƙasa zuwa sama, wannan kowa ya sani a garinmu. Abin da Mami ke koyarwa shi ne ragam, wato irin takun: inda za ka tsaya, inda za ka yi rangaji, inda za ka tsallake ba ka taka ba. Takan kawo mana su ɗaya bayan ɗaya kamar mai gabatar da danginta. "Wannan Kalyani ce, amarya ce, kada ki shigo mini da ita da ƙafar kasuwa." "Todi dattijo ne, ba a hanzarta shi." In ka yi kuskure ba ta duka. Sai ta daina kaɗa tanpura ta zuba maka ido, har ka gwammace dukan.

Ina shekara sha huɗu, wata Juma'a Appa zai kai fitilu gari a motar kaya, ya rage mini hanya. Ƙarfe shida ba ta cika ba ya sauke ni. Ƙofar gaba a rufe, ko zanen ado na garin shinkafa da ake yi duk safiya ba a yi a bakinta ba tukuna, sai na zaga ta lungu na shiga ta baya, wajen rijiya. Ina ajiye jakata na ji Mami tana waƙa a ɗakin ibada, ita kaɗai.

Ban taɓa jin murya ta yi irin wannan tafiyar ba. Ta taso daga ƙasa a hankali, taku a matse, ta tsaya a mataki na uku. Amma ba tsayuwar mai ƙafa biyu a ƙasa ba ce, tana ɗan kaɗawa kamar harshen fitila a ɗakin da iska ke ratsawa. Daga nan ta yi tsalle mai nisa zuwa na huɗu. Shi kuma na huɗun ya miƙe, ya ƙara miƙewa, har ya kusa taɓa na biyar, saura ƙiris, ya ƙi taɓawa. A wannan ƙiris ɗin numfashina ya tsaya. Abin ba baƙin ciki ba ne, ba kuma murna ba. Ya fi kama da mutumin da ya zo roƙo wajen wanda ya fi shi, roƙo na gaske har da hawaye, amma ya ƙi sunkuyar da kai.

Na zauna a dutsen wanki har ta gama, ban ma san siket ɗina ya jiƙe ba.

Da aka tashi darasi sauran suka fita, ni na tsaya.

"Mami, wane ragam kika rera da safe?"

"Wace safiya? Ƙarfe nawa kika zo?"

"Appa ne ya kawo ni da wuri."

Ta gyara zama. "Varali."

"Yaushe za ki koya mana?"

"Siva, Siva!" Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. "Kada in sake jin wannan maganar a bakinki. Varali ba a koyar da ita. Duk malamar da ta zaunar da ɗalibarta ta sa mata Varali a baki, rabuwa za su yi, rabuwa ta baram-baram. Tashi ki tafi makaranta."

A dakalin waje na tarar da Uthirapathy, mai goge da ke raka ɗaliban Mami in za su yi waƙa a gaban jama'a. Anna muke ce masa, wato yaya, don ya girme mu da kusan shekara goma. Ya ji komai.

"Ke dai ki kama bakinki," ya ce. "Wasu malaman dariya suke yi wa wannan zancen, su koyar abinsu. Mami kuwa ba ji ta yi ba, gani ta yi. Yayarta Gnanam ce ta koya mata waƙa tun daga farko. Ta matsa mata, ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, sai da yayar ta koya mata Varali baki da baki. Shekarar ba ta fita ba suka yi faɗa a kan wadda za ta yi waƙa a bikin haikali. Shekara ashirin da biyu ba su gaisa ba. Gnanam ta mutu a Madurai, a wasiƙa Mami ta ji."

"To ta yaya mutane ke iya ta, in ba a koyarwa?"

"Yadda ake samun mangwaron maƙwabci," ya ce, yana shafa wa bakan gogensa ƙaro. "Ta katanga."

Daga wannan makon na zama yarinyar kirki. Na ce wa Mami duk Juma'a zan riƙa zuwa da bas ɗin farko in ja mata ruwa in wanke tukwane. Ta ce, "Hankalin ya fara shiga ke nan." Duk Juma'a in ta yi wanka takan shiga ɗakin ibada ta rera Varali, wata rana minti goma, wata rana kusan sa'a guda. Ni kuma ina bakin rijiya da toka da saƙar kwakwa ina cuɗar tukunya. Abin da na kama sai in riƙe shi a maƙogwaro duk yini, ba na so a yi mini magana kada ya zube. Da yamma in na koma gida sai in shiga bayan maƙera lokacin da ake bugu, in rera inda babu mai ji. Mataki na huɗun nan shekara uku yana ba ni wuya. In na ɗaga sai ya faɗa kan na biyar, in na sassauta sai ya koma na Kalyani. Ranar da ya fara tsaya mini daidai a wannan siririn wurin, na fito na rungume akuyar maƙwabta, don babu wanda zan iya gaya wa.

Na yi aure ina shekara ashirin da biyu. Mijina Sambandam malamin lissafi ne a makarantar gari, muka zauna layi biyu da gidan Mami. Na haifi biyu. Na fara hawa dandamali: bukukuwan aure, haikali, gidan rediyo sau biyu a shekara. Ana cewa, "Kanakam ɗalibar Avayam ce, ba ta ɓata waƙa." Yabo ne, amma irin wanda ake yi wa wadda ta dafa shinkafa ba ta ƙone ba. Juma'a kuwa ban fasa ba, da ciki, da goyo. Kuma ban taɓa rera Varali a gaban mutum ba, ko mijina. Sai gida ya watse, injin niƙa na ƙarshen layi ya fara ruri, in rufe tagogi in yi abina.

Mami tana shekara saba'in da shida muryarta ta fara tsagewa. Wata Juma'a na ji ta fara, ta kai mataki na uku, tari ya sarƙe ta. Ta sake farawa, ya sake sarƙe ta. Can na ji ta jingine tanpura a jikin bango. Daga ranar ba ta ƙara ba. Na ci gaba da zuwa wanke tukwane, don in na daina za ta gane abin da ke kawo ni.

Da za ta cika tamanin ɗanta Vaithi ya zo daga Bombay. Tsofaffin ɗalibai suka haɗa mata taro a wani zauren biki kusa da babban tafkin haikali, ƙarfe huɗu na yamma. Ni aka zaɓa in yi waƙar ranar, don na fi kowa daɗewa a hannunta.

Saura mako guda na je duba zauren. Na tarar da Kawu Ekambaram, tsohon lauya, wanda babu taron waƙa da ba ya zama a layin gaba. Bakinsa ba linzami, amma a gaskiya yana da kunne. Yana shan kofi yana hira da mai zauren, bai damu da ina ji ba.

"Ni na ji Varalin Avayam tana ganiyarta," yake cewa. "Kwana uku abinci bai yi mini ɗanɗano ba. To yanzu ina take? Ranar da aka ɗauki gawar Avayam zuwa bakin kogi, har da Varalin garin nan za a ƙone. Ɗalibai sun fi ɗari, babu wadda ta gada. 'Yan Kalyani da Mohanam ne duk, a rera, a sha kunun zaƙi, a watse." Ya juyo ya gan ni. "Ba da ke nake ba, Kanakam. Ke ai ba kya ɓata waƙa."

"Na gode, Kawu," na ce. Har na isa gida kunnuwana suna zafi.

Washegari Uthirapathy Anna ya zo gidanmu mu gwada abin da za mu yi. Furfura ta cika masa kai yanzu. Na lissafa masa waƙoƙin, yana gyaɗa kai.

"Babbar fa? Kalyani, kamar kullum?"

"Varali."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wa ya mutu ya bar miki gado?"

"Ɗauki gogenka, Anna."

Na rera kamar minti biyar. Ya ɗora baka a kan tsirkiya, bai ja ba ko sau ɗaya. Da na tsaya ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka yi mini zancen mangwaro."

"Ashe ni na jawo." Ya share wuyansa da tawul. "Kanakam, wannan ba Varali ce kawai ba. Varalin Mami ce, har da inda take jan numfashi. In ta ji fa?"

"Ai so nake ta ji."

"In ta tsine miki a gaban jama'a?"

"Ba ta koya mini ba. Babu abin da muka karya."

"Ke malamin lissafi kika aura ko lauya?"

Malamin lissafin yana tsaye a bakin ƙofa da jakar kayan miya, ashe ya dawo tun ɗazu. "Shekara sha shida," ya ce, "ashe da baƙuwa nake zaune a gidan nan." Ya wuce ciki, ya dawo mana da kofi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar taro zauren ya cika har wasu na tsaye a jikin tagogi. Ƙanshin yasmin daga kan mata ya gauraye da na turaren itacen sandal, fankoki suna juyawa ba sa maganin komai. Mami tana kujera a layin gaba, an rataya mata furanni har sun kusa rufe haɓarta, Vaithi a damanta, Kawu Ekambaram kujera biyu daga nan. Na yi waƙoƙin farko lafiya. Mami tana ƙirga kiɗan da yatsu a cinya, wani lokaci ta ɗan gyaɗa kai.

Sai lokacin babbar ya zo. Mai ganga ya sauke hannuwansa, don shimfiɗar ragam ba ta da kiɗa ba ta da kalmomi, murya ce tsirara. Na kurɓi ruwan ɗumi. Na dubi Anna, ya sunkuyar da kai kamar wanda za a yi wa aski. Na rufe ido.

Numfashin farko ya fito da rawa, ba rawar Varali ba, ta tsoro. Na biyu ya zauna. Na taka na ɗaya, na leƙa na uku, na dawo na biyu, na koma na uku na bar shi yana kaɗawa. Ban kai ga tsallen ba na ji zauren ya yi tsit, don masu kunne sun riga sun gane wadda ta shigo. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Kai!" a hankali. Sai na yi tsallen. Na huɗu ya miƙe mini kamar ya san yau ce ranarsa, ya je ya tsaya a wurinsa, dab da na biyar, na riƙe shi a nan har sai da na ji kujeru sun daina motsi. Sannan na sake shi ya shiga na biyar, zauren duka ya saki numfashi tare.

Daga nan ban ƙara jin tsoro ba. Varali matsattsiya ce a ƙasa, matsattsiya a sama, sai fili a tsakiya, kuma duk daɗinta yana cikin yadda mutum zai fita daga matsi ya faɗa filin ba tare da ya yi gudu ba. Na hau da ita a hankali, ina komawa ina dawowa, Anna yana bina da goge kamar inuwa, in na ajiye magana ya ɗauka ya mayar mini. A sama, inda mataki na bakwai ke manne da ƙololuwar hawan, na buɗe murya gaba ɗaya. Shekara ashirin da huɗu ina rera ta a ɓoye, cikin ƙarar guduma da injin niƙa, ban taɓa jin yadda take a fili ba sai ranar. Ashe haka take da girma. Wani ya ce, "Sabash!" da ƙarfi, wato madalla, wani ya ce masa ya yi shiru.

Na buɗe ido sau ɗaya. Kawu Ekambaram ya rufe fuska da tawul. Mami kuwa fuskarta kamar dutse. Amma yatsanta na dama yana yawo a kan gwiwarta, yana zuwa inda muryata za ta je kafin ta je.

Da na kammala shimfiɗar da waƙar da ke bin ta, zauren ya miƙe tsaye. Mami ma ta miƙe. Ta cire furannin daga wuyanta ta ajiye a kujera, ta kama hannun Vaithi, suka fita ta ƙofar gefe. Ba ta dube ni ba.

Saura rabin sa'a a shirin. Na yi shi, don ita ta koya mana ba a barin dandamali a tsakiya ko me ya faru. Da aka tashi Kawu Ekambaram ya hau matakalar dandamalin da ƙyar, mutum biyu suna tallafe da shi.

"Shekara arba'in ina lauya," ya ce, "ban taɓa janye magana a gaban jama'a ba. Yau na janye. Kanakam, ki yafe wa tsoho."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan faɗe su ba. A kasuwa mata suna nuna ni da baki. Appa, wanda har yanzu bai san bambancin Varali da kukan keke ba, ya zo gari da kansa don an tare shi a hanya an gaya masa. In na tuna yadda na huɗun nan ya tsaya, sai in ji kaina ya taɓa rufi. Amma ƙofar Mami a rufe take. Kwana uku na farko Vaithi ne ke leƙowa ya ce tana hutawa. Da ya koma Bombay sai ƙofar ta daina buɗewa gaba ɗaya. Juma'a na zaga ta baya, nan ma an sa sakata. Na tsaya a lungun ina tunanin Gnanam, wadda ban taɓa gani ba, da wasiƙar da ta zo daga Madurai.

Rana ta goma da hantsi na biya na ɗauko Anna, muka zauna a dakalinta.

"Mami, Kanakam ce," na ce da ƙarfi. "Ba zan tashi daga nan ba. Na ce wa Sambandam ya kawo mini tabarma da shinkafa da kindirmo."

Maƙwabta suka fara leƙe. Can sai muryarta ta fito ta tsakanin ƙarafan taga.

"Uthirapathy, kana nan?"

"Ina nan, Mami."

"Tambaye ta, wa ya koya mata?"

"Wai wa ya koya miki?"

"Babu kowa," na ce. "Sata na yi. A bakin rijiya, shekara ashirin."

"Tambaye ta, na taɓa zaunar da ita a gabana na ce ta bi ni?"

"Ba ki taɓa ba, Mami."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Sakata ta yi ƙara. Mami ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙyaure, ta rame a kwana taran nan.

"Shashasha," ta ce. "Kin zaci ban sani ba? Tukunya ɗaya ake cuɗa sa'a guda? Tukwanena uku kika huda mini. In na ji cuɗar ta tsaya, na san wurin ya yi miki wuya, sai in maimaita shi sau uku. Tagar ɗakin ibada kuma, wa kike tsammani yake buɗe ta da sanyin asuba, ni da ciwon ƙirji?" Muryarta ta karye, ta jira ta dawo. "Ranar nan da kika buɗe baki na ji numfashina a maƙogwaronki, sai na ce, shi ke nan Avayam, kin yi wa kanki wayo amma kin koyar. Saura faɗa. To na ga in ba mu haɗu ba, ai ba za mu yi faɗa ba."

"Mami, rufe ƙofa kwana tara ba rabuwar ba ce?"

"Rufe mini baki. Tun kwana na huɗu na gano haka. Kunya ce ta hana ni buɗewa, ku kuma ba wanda ya yi hankalin zuwa ya zauna a dakali sai yau."

Na durƙusa na taɓa ƙafafunta. Ta dafa kaina, ta bar hannun a wurin.

"Gnanam ba ta taɓa jin tawa a dandamali ba," ta ce a hankali. "Ni na ji taki. Tashi, kina tara mana mutane."

Muka shiga. Ta sa ni na haɗa kofi, ta ce ya yi ruwa, ta shanye. Sannan ta juya mini baya sosai, ta fuskanci Anna.

"Uthirapathy, da kai nake magana, ba da kowa ba. Akwai wasu mawaƙa a garin nan, hawansu ba laifi. Kai, hawansu ya yi kyau, ni ma da ƙuruciyata iyakar abin da nake yi ke nan. Amma in za su sauko sai su zubo kamar masu bin bas."

"Haka ne, Mami. In na ga irinsu me zan ce musu?"

"Kada ka ce musu komai, ba ruwanka. Ciro gogenka ka sauko mini daga sama in ji."

Ya ciro ya ja.

"A'a. Tsaya a na shida. Bar shi ya yi nauyi tukuna. Yawwa. Yanzu zame, kada ka taka. Sake."

Sau bakwai ta sa shi ya sake, gumi yana zubo masa. Ni kuwa ina zaune ina duban rufin ɗaki, kamar wadda ke ƙirga azara.

Ashe a cikin jama'ar ranar akwai sakataren wani zauren waƙa na Chennai, ya zo ganin danginsa. Bayan wata biyu takarda ta iso, suna gayyatata in yi waƙa a lokacin bikin waƙoƙi na watan Margazhi, da rana, sa'a biyu, kuma sun rubuta a fili cewa Varali suke so. Na kai wa Mami takardar. Ta karanta sau biyu ta ce in nemo mata kujerar jirgin ƙasa ta jikin taga.

"Mami, shekara goma sha biyar rabonki da fita garin nan. Likita ya ce..."

"Likitan ya iya waƙa?"

Muka tafi mu huɗu da Sambandam da Anna. Zauren Chennai ya ninka namu uku, mutanensa kuma irin waɗanda ke zuwa da littafi a hannu suna rubuta kuskure. Na shimfiɗa Varali rabin sa'a. Da na zo saukowa na tsaya a na shida, na bar shi ya yi nauyi, na zame. Daga layin gaba wata tsagaggiyar murya ta ce, "Yawwa!" har lasifika ta ɗauka.

Bayan an tashi wata matashiya 'yar jarida ta tare mu a baranda, ta durƙusa gaban kujerar Mami da alƙalami.

"Kaka, an ce ke ce malamarta. Ke kika koya mata wannan Varali?"

"Ni? Siva, Siva! Ko harafi ɗaya. Ɓarauniya ce, rubuta haka. Ta katanga ta shigo."

Yarinyar ta dube ni tana murmushin rashin tabbas. Na gyaɗa mata kai.

"Ki kuma rubuta a gidan wa ta yi satar," Mami ta ce, tana ƙwanƙwasa littafin da yatsa. "Avayam, ta Kumbakonam. Kawo in gani. A'a, ba haka ake rubuta shi ba, ba ni alƙalamin."

Da ta gyara sunan da hannunta sai ta ce in kai ta rumfar abinci, ta ji ana cewa dosa, wainar shinkafa, na Chennai ya fi namu, tana so ta ƙaryata da bakinta. Ta ci biyu tana kushewa.

Mami ta ƙara shekara huɗu a duniya. Mun yi faɗa sau da yawa a cikinsu, a kan sukarin kofi, a kan karatun 'yata, a kan ƙwayoyin maganin da take ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Kullum washegari ina gidan tun da safe, ita kuma tana zaune a dakali tana tambayar abin da ya tsare ni.